Tayin Da Ba A Sake Yi Wa Fintan Ba

Ranar Asabar ɗin da za a tafi da jikokinsa, Fintan Shortall ya isa ƙofar gidan surukinsa da ƙarfe goma saura kwata. Ya aske gemu, ya goge takalmi, ya sa kwat ɗin da ba ya fito da ita sai ran jana'iza ko ɗaurin aure. Babbar motar kaya ta wuce tun jiya, gidan babu komai ciki sai akwatuna huɗu a bakin ƙofa.

Joris, mijin 'yarsa marigayiya, ya fito riƙe da tsintsiya. Dogon mutum ne ɗan ƙasar Holan, shekararsa goma a nan garinmu Kilkenny, kuma yau zai koma garinsu da 'ya'yansa biyu.

"Fintan, ka yi sammako," in ji shi. "Don Allah ka tafi da su yawonku, in samu in share gidan nan kafin mai shi ya zo karɓar makulli. Ƙarfe uku daidai za mu tashi, kada mu rasa jirgin ruwa."

"Ƙarfe uku," in ji Fintan.

Ya ɗan tsaya a kan dakali yana duban bakin Joris, ko akwai sauran magana. Babu. Mako goma sha ɗaya ke nan yana duban bakin nan, yana jiran a sake ce masa ya zo a tafi da shi.

A nan garinmu, idan aka yi maka tayin shayi, ba ka cewa to. Cewa kake yi a'a, yanzu na sha. A ce ɗan kaɗan dai. Ka ce kada a wahala saboda ni. Sai a karo na uku, bayan mai gida ya riga ya ɗora buta a wuta, sannan ka ce to, tunda an matsa. Mai tayi ya san aikinsa, wanda ake yi wa ya san nasa, kuma ban taɓa jin wanda ya bar gidan wani da ƙishirwa ba. Mu ba mu ɗauki wannan ƙarya ba, tarbiyya ce, kuma Fintan da mari aka koya masa ita.

Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai, a wani gida mai ɗaki biyu bayan tsohuwar majami'ar Black Abbey, inda rafi ke shigo musu har ƙarƙashin gado duk shekarar da ruwa ya yi yawa. Ubansa ganguna yake mirginawa a kamfanin giya. Yana ɗan shekara shida uwarsa ta je da shi gidan wata ƙawarta, aka miƙo faranti da burodi mai zabibi, ya kai hannu tun ba a rufe baki ba. Uwar ta bari sai da suka sha kwanar lungu, sannan ta wanke shi da mari. "So kake garin nan ya ce da yunwa muke kwana?" Da yunwar kuwa suke kwana wani lokaci, shi ya sa marin ya zauna masa.

Yana shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya kama aiki a hannun wani tsohon magini mai gyaran ganuwa da majami'u. A can ya koyi kwaɓa farar ƙasa da yashi, ya koyi ƙwaƙule tsohon kwaɓi daga tsakanin duwatsu ba tare da ya ji wa dutsen ciwo ba, ya kuma koyi ƙin siminti ƙiyayyar da har yau ba ta sake shi ba. Cewa yake siminti shaƙe tsohon bango yake yi, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Ya taɓa zuwa Ingila neman aiki, ya yi shekara biyu a Coventry yana jera bulon da ba ya so, ya dawo bai sake leƙa waje ba. Shekara hamsin ya yi a kan katakon hawa. Da aka nemi ba shi shugabancin ma'aikata, sau biyu ya ce bai isa ba, ya karɓa a na uku. Ita ma Breda, matarsa, sau biyu ta ce ba ta auren mai farar ƙasa a gashi, alhali ta riga ta auna labulen tagogin gidansa.

Shekara goma sha ɗaya suka yi ba haihuwa kafin Dervla ta zo, kuma ita kaɗai ce. Ta yi karatun jinya, ta kama aiki a asibiti, wata Lahadi ta shigo musu da Joris, wanda ya zo aiki a wani kamfanin madara. Breda ta tambaye shi ko zai ci abinci. Ya ce, "Eh, yunwa nake ji sosai." Saura kaɗan tukunya ta suɓuce mata. Ya cinye, ya nemi ƙari, ya kuma gaya mata dankalin ya ɗan yi gishiri. Ran da Fintan ya fara zuwa gidansu bayan aure, Joris ya ce ko zai sha shayi, Fintan ya ce a'a, Joris ya haɗa kofi ɗaya ya zauna a gabansa ya shanye abinsa.

Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ban taɓa ganin mai riƙon alkawari kamarsa ba. Abin da mutum ya faɗa masa shi yake ɗauka, don a wurinsu hakan ne girmamawa. Dervla ce tafinta tsakaninsu. Daga kicin za ka ji ta: "Joris, sake tambayarsa." Ko kuma: "Baba, in ya ce a'a, a'ar yake nufi, ka daina tura masa faranti." Da haka suka zauna lafiya, har suka fara son juna, kowa yana ganin ɗan'uwansa da ɗan taɓin hankali.

Breda ta rasu shekara biyar da suka wuce. Bayan shekara uku ciwon daji ya ɗauke Dervla tana da shekara talatin da bakwai, ta bar Nessa 'yar shekara biyar da Pim ɗan shekara biyu. Joris yana fita aiki tun da duhu-duhu, don haka daga ƙarfe biyu na rana zuwa shida yaran suka koma hannun Fintan.

To me tsohon magini zai yi da yara ƙanana? Bai iya mota ba, bai san wasan yara ba, gidansa kuma danshi gare shi, Pim yana tari. Abu ɗaya ya sani, duwatsun garin nan. Sai ya tura Pim a keken yara, Nessa ta kama aljihun kwat ɗinsa, suka shiga gari a ƙafa. Kullum, ko da yayyafi, ko da iska. Ya nuna musu katantanwar zamanin da da ta daskare cikin baƙin dutsen bakin titi, wadda ba ta fitowa sosai sai ruwa ya jiƙa shi. Ya koya musu gane bangon da aka gyara da hankali da wanda aka yi wa aikin ha'inci. Kafin shekara ta zagayo Nessa tana iya tsayawa gaban ginin da baƙi ke ɗaukar hoto, ta lakaci tsakanin duwatsu da yatsa, ta taɓe baki ta ce, "Siminti." Abin da ya hana Fintan bin 'yarsa kabari ke nan, shi da kansa ya faɗa.

A watan Mayu Joris ya zaunar da shi a kicin. Ya ce ya gaji, ba ya iya riƙe aiki da yara da baƙin ciki a ƙasar da ba tasa ba. Ya samu aiki a Deventer, can ƙasarsu, kusa da ƙanwarsa. Ya juyo da fuskar wayarsa ya nuna masa hoton wani gida.

"Ka ga wannan ɗakin na ƙasa? Yana da ƙofarsa, yana kallon lambu. Ina so ka zo mu tafi tare. Yaran suna bukatarka, ni ma haka."

Fintan ya gyara zama. Tun da aka fara zancen tafiya bai yi barcin kirki ba, ga shi an buɗe masa ƙofa. Ya dubi hoton, ya ture wayar a hankali, ya ce abin da duk ɗan gidan mutunci zai ce.

"Haba, ina zan je in zama muku kaya? Ni lafiya lau nake a nan."

Joris ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kife wayar a kan tebur ya ce, "To. Na gane." Ya tashi ya hau wanke kofuna.

Fintan ya koma gida yana murmushi a hanya, yana lissafin ko Lahadi za a sake tayar da maganar ko sai wani mako. Ya je kantin magani aka ɗauke shi hoto, ya sabunta fasfonsa da ya mutu tun zamanin Coventry. Ya sayi akwati. Mayu ta wuce, Yuni ta wuce, aka shiga ɗaure kaya a kwali. Ya taya su naɗe faranti da jarida, ya kwance gadon Pim da hannunsa, kullum yana cewa yau ne. Da bakinsa dai ba zai roƙa ba, ko da za a yanka shi.

Yaran suka fito da rigunan ruwa. Nessa, mai shekara bakwai yanzu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kaka, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, uwar iyayi. Mutum ba zai yi kwalliya ba sai da izininki?"

"Ka yanke haɓarka."

"Reza ce ta tsufa. Kama hannun ƙanenki, sarkin ƙiwa, kada ya ce a ɗauke shi tun ba mu kai gada ba."

Tun ba su kai gadar ba kuwa Pim ya ce ƙafarsa ta gaji. An riga an tafi da keken nasa cikin motar kaya, don haka Fintan ya saɓa shi a wuya, gwiwoyinsa suna ƙara. Suka tsaya a tsakiyar gada kamar kullum, suka leƙa kogin Nore, Pim ya tofa yawu ya bi shi da ido. Tsohon gidan sarautar garin yana can bisa gaɓa, motocin baƙi sun fara sauke mutane a ƙofarsa. Ba su shiga ba. Fintan ya yi shekara shida yana gyaran bangonsa na bakin ruwa, kuma a ganinsa nan ne abin kallon.

A bakin Butter Slip, ɗan lungun nan mai matakala da rufi wanda mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa, suka yi kiciɓis da Statia Langton tana jan kwandon cefane. Maƙwabciyarsa ce shekara arba'in, aminiyar Breda, bakinta kuwa ba ya ajiye magana. Ta ba yaran alewa ta ce su je su ƙirga matakalar, sannan ta juyo kansa.

"Ka faɗa masa?"

"In faɗa masa me?"

"Kai dai Fintan, tsufa bai ƙara maka komai ba sai gashin kunne. Akwatin da na ga ka shigo da shi kana waige-waige kamar ɓarawon kaza, na mene ne? Dankali za ka zuba?"

"Rage murya, yara suna ji."

"Mutumin nan ba irinmu ba ne. Dervla, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa maka. Buɗe baki za ka yi ka ce ina so in bi ku. Kalma nawa ce?"

"In roƙi mijin 'yata ɗaki? Ya san inda nake. In yana so na, bakinsa bai ciwo."

"To ni bari in je in gaya masa."

"Ki kuskura, ni da ke har abada."

Ta yi tsaki ta ja kwandonta. Kuma ba ta je ba, don ita ma 'yar garin nan ce, shiga maganar gidan wani ba tare da an kira ka ba abin kunya ne. Mako goma sha ɗaya rabin unguwa sun san da akwatin nan, kowa yana tausayinsa a bayan labule, ba wanda ya taka ya ƙwanƙwasa ƙofar Joris. Har da ni mai ba ku labari, kuma abin yana ci na har yanzu.

Suka gangara lungun, Pim yana tsalle daga matakala zuwa matakala yana ƙirga wa kansa, daga bakwai ya koma huɗu. Suka sayi soyayyen dankali a takarda, suka ci a tsaye a ƙarƙashin rumfar wani kanti, don yayyafi ya sauko. Da ya tsagaita suka bi ta ƙofar ganuwa ɗaya da ta rage a garin, ƙaramar ƙofa ce ta dutse, mota ba ta shiga. Fintan ya ɗaga Pim ya ɗora tafin hannunsa a kan wani dutse mai ɗan ja a gefen dama.

"Wa ya sa wannan?"

"Kaka," in ji Pim, bakinsa duk gishiri.

"Yaushe?"

"Ran da aka haifi Mama."

"Yawwa. Kada ka manta."

Fintan ya san yaron zai manta. Ɗan shekara huɗu ne. Nan da Kirsimeti harshen ubansa zai cika masa baki, nan da shekara biyu Kilkenny za ta zama sunan wani wuri da ake cewa ya taɓa zama. Fintan ya sauke shi, ya tsaya yana gyara masa hular rigar ruwa fiye da yadda take bukata.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka hau dogayen matakalan da ke kaiwa babbar majami'ar St Canice. A gefenta akwai wata doguwar hasumiya, siririya, wadda ba a barin ƙananan yara su hau. Tun tana shekara biyar Nessa take naci, shi kuma yana ce mata sai ta ƙara tsawo, da kansa zai kai ta har ƙoli ta ga garin duka. Yau ba ta ko ɗaga kai ta dube ta ba. Ta zauna a kan matakala ta sama, ta haɗa gwiwa da haɓa. Pim ya tafi bin wata tattabara tsakanin kaburbura.

"Kaka, me ya sa ba ka son zuwa da mu?"

Fintan ya zauna kusa da ita da ƙyar. "Wa ya ce ba na so?"

"Baba. Ya ce ya tambaye ka, ka ce a'a. Ya ce kada mu dame ka, ba a raba mutum da garinsu dole. Ni na ce don Pim yana yawan kuka ne. Ko don ni ce, da na ce maka kana warin farar ƙasa?"

Wato tun watan Mayu yarinyar nan take ɗauke da wannan a ranta, tana kama aljihunsa kullum, tana zaton ya zaɓi bango ya bar ta. Kunya ta kama Fintan irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba don ke ba ne. Ba don kowa ba ne."

"To ka zo mana."

"Haba, ina zan je in takura..."

Ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya tsaya. Shekara sittin da shida bakin nan yana riga shi magana. Nessa ta kafe shi da ido.

"Saurara, Nessa. Mu mutanen da, in aka yi mana tayin abu, ko muna so kamar mu mutu, sai mu ce a'a. Ba a'ar gaske ba ce. Jira muke a sake tambaya."

"Don me?"

"Don kada a ce mun ƙosa."

"Wannan ai wauta ce."

"Wauta ce. Sake tambaya ta."

Ta share hanci da hannun riga, ta miƙe tsaye a gabansa kamar mai karatu a aji. "Kaka, za ka zo da mu?"

"Zan zo."

Ta ruga ta kamo Pim tana gaya masa, Pim ya ce to a ina Kaka zai zauna a mota, ta ce a tsakiya mana. Duk hanyar komawa ita ce a gaba, tana jan su, tana tsara masa rayuwa: zai kai su makaranta, zai duba bangon Deventer ya gaya wa mutanen can inda suka yi kuskure. Fintan yana biye da Pim a wuya, numfashinsa yana sama-sama. Wani sashe na zuciyarsa ya san tayin 'yar shekara bakwai ba ya zuwa da ɗaki. Amma ya bar kansa ya yarda har tsawon titi uku, har yana tunanin wa zai bar wa makullin gidansa.

Sun iso uku saura minti ashirin. An rufe gidan, an ɗaure akwatuna biyu a kan rufin mota, Joris yana duba tayoyi. Nessa ta faɗa jikinsa.

"Baba, Kaka zai zo! A'ar da ya ce ba ta gaske ba ce, jira yake ka sake tambaya. Na tambaye shi ya ce to."

Joris ya miƙe a hankali. Ya dubi Fintan, ya dubi kwat ɗin da takalmin da aka goge, fuskarsa ta sauya.

"Ku shiga mota, ki ɗaura wa Pim bel," in ji shi. Ya ja Fintan zuwa bakin shingen gidan. "Gaskiya ne?"

Fintan ya dubi ƙasa. Abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba ya yi a ranar. "Gaskiya ne. Ina so in bi ku. Tun ran da ka faɗa nake so."

Joris ya dafe goshi da hannu biyu. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kuma akwai fushi a ciki.

"Na saki gidan da na nuna maka tun farkon Yuni, Fintan. Me zan yi da ɗakin ƙasa ba kowa ciki? Na sa hannu a wani, shekara biyu. Hawa na uku ne, matakala zalla, ɗaki biyu. Yaran a ɗaya, ni a ɗaya. Ko wurin shimfiɗa katifa babu."

"Ba ka sake tambaya ba."

"Ka ce mini lafiya lau kake. Na yarda da kai. Ka san kwana nawa na yi ina jin zafin amsar nan? Na ce a raina, mutumin nan ya binne matarsa da 'yarsa a garin nan, wane ni in matsa masa. Kullum ina ganinka kana naɗe mana faranti kana wasa da yara, na ce ashe ko a jikinsa." Ya juya ya dubi motar, ya juyo. "Da Dervla tana nan..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba. Yayyafi ya dawo, ya same su a bakin shingen.

"Ka zo da Kirsimeti," in ji Joris. "Ka kwana a gadona, ni in kwana a kujera. Sau ɗaya zan faɗa."

"Zan zo."

"Bayan shekara biyu, in an samu wani gidan, mu gani."

Fintan ya gyaɗa kai. Shekararsa saba'in da biyu, gwiwoyinsa ba sa kai shi saman matakalan St Canice sai ya huta sau biyu, kuma dukansu sun san abin da mu gani take nufi.

"Kai za ka gaya mata, ko ni?"

"Ni na ɓata, ni zan gaya mata."

Ya taka zuwa motar. Nessa ta riga ta kwashe jakunkunan da ke kujerar tsakiya ta tara su a cinyarta da ƙarƙashin ƙafafunta, har da bargon Pim da kwandon abinci, da ƙyar ake ganin fuskarta. Ta share wurin tas, ta zaro masa bel ɗin ta shimfiɗa. Fintan ya sunkuya ta taga.

"Nessa, ba zan samu zuwa yau ba. Babu ɗaki a sabon gidan. Laifina ne, ba na babanku ba. Zan zo muku da Kirsimeti."

Ta dube shi ta saman jakunkunan, ba ta yi kuka ba. Tunani take yi.

"Kaka, za ka zo da mu?"

"A'a, 'yata. Wannan karon a'ar gaske ce."

"Ɗaya ke nan," in ji ta. "Za ka zo da mu?"

"Nessa."

"Kai ka ce sai an sake tambaya. Za ka zo da mu?"

Joris ya shiga ya tayar da mota, don uku ta yi. Fintan ya sa hannu ya shafa kan Pim, wanda barci ya fara ɗauka, ya ja da baya ya hau dakalin titi. Motar ta fara tafiya. Nessa ta ture jakar da ke gabanta ta leƙo da kai ta taga, ruwa yana dukan fuskarta, tana tambayarsa da ƙarfi, tana tsayawa kaɗan bayan kowace tambaya don ta ba shi damar amsawa. Sau biyar ya ji ta kafin motar ta sha kwana.